Abin da Hannu Ya Ƙera

Shekara goma sha tara ina goge gilashi ɗaya
a wani gidan tarihi a bakin kogin Douro, a birnin Porto.
A cikinsa akwai mutum na itace,
gajere, baki buɗe, madubi a cibiya,
ƙusa ɗari biyu da goma sha ɗaya a jikinsa.
Na ƙirga. Ranar Talata baƙi ba su da yawa.

Matuƙan jiragenmu suka ɗauko shi daga bakin kogin Kwango,
suka raɗa masa suna da harshenmu, feitiço:
abin da hannu ya ƙera, mai hannun ya dawo yana tsoronsa.
An ce sun yi ta dariya,
alhali kowanne da ƙashin waliyyi rataye a wuya
kada teku ta haɗiye shi.
Laifi tudu ne.

Mai yi wa baƙi bayani ya ce kowace ƙusa rantsuwa ce,
ta bashi, ta iyakar gona, ta akuyar da ta ɓata.
A lashi ƙarfe, a buga, magana ta zauna.
Wuri suke nema, in ji shi, na ajiye alkawari
inda harshe ba zai janye shi ba.

Uwata Deolinda ba ta taɓa shigowa ba,
ta ce gidan tsafi ne.
Ita ce kuwa ta sayi ƙafar kakin zuma,
ta hau tudu da gwiwa har ƙofar coci
ranar da ƙafar ƙanena ta warke.
Tana can rataye, ta yi rawaya, cikin ƙafafu dubu.

Sai mijina Custódio, mai ɗinkin takalma,
wanda ya ga ƙafata kafin ya ga fuskata.
Jan takalmi na kai masa, dunduniya ta ɓalle.
Ya riƙe shi kamar ƙwai.
Ya maido ɗaya, ya ce ɗayan ya ɓata.
Ƙarya yake. Bayan aure na gan shi
ƙarƙashin matashinsa, naɗe a ƙyalle.
Wani daren sai ya roƙe ni, kai a sunkuye,
in sa shi kafin a kashe fitila.
Sha'awarsa ba ta san wata ƙofa ba sai wannan.

Na yi fushi. Na yi kuka a bakin murhu.
Na ce, ni kake so ko fatar akuya?
Ya daɗe yana murza zare,
sannan ya ce, Ermelinda, kin fi ƙarfin hannuna,
ba na iya ɗaukar ki gaba ɗaya,
nan kaɗai na san inda zan riƙe.

Ban gane ba. Na dai ƙyale shi.
Wata ran ma na yi dariya, shi ma ya yi.

Bara waccan ya rasu, ana tsakiyar ruwa.
Na sayar da keken ɗinkin,
na ba maƙwabci guduma da basilla.
Saura tsohuwar rigar aikinsa ta fata,
ta yi baƙi da gumi da danƙo.
Ita ban bayar ba.
Ni mai waccan tambayar,
ni ce ke cusa fuska cikinta da asuba
ina shaƙar abin da ya rage.
Na san fata ce. Na san ba ya ciki.
Hanci bai san na sani ba.

Yanzu in na iso gaban mai ƙusoshi nakan sassauta.
Nakan ga fuskata, 'yar mitsitsiya, a madubin cibiyarsa,
da tsumma a hannu.
Ban durƙusa masa ba, ba kuwa zan yi ba.
Allah ya wuce itace, ya wuce kakin zuma.
Mu ne dai ƙanana.
Mai ƙishirwa ba ya shan kogi
sai abin da tafinsa ya ɗebo.

Jiya wani yaro ya tambaye ni
ko ƙusoshin suna yi masa zafi.
Na ce ban sani ba.
Da suka fita na hura numfashi a gilashin,
na goge tabon da hancinsa ya bari.