Mai Shara a Mkunazini

Kafin ladanin maƙwabta ya gama kiran farko
na riga na zare sakatar ƙofar gefe.
Tsintsiyata ta ganyen kwakwa ce,
ta san lungunan wannan coci
fiye da yadda Rabaran Barnaba ya san littafin addu'arsa.

Da dutsen murjani aka gina shi,
dutsen da teku ta haifa, har yau kuma tana bin bashinsa.
Kullum gishiri na tsattsafowa a jikin bango
fari fat, kamar furfura.
In share yau, gobe ya dawo.

Nan inda kujeru suke jere suna jiran Lahadi
kasuwa ce a da.
Ba ta albasa ba, ba ta kanumfari ba.
Kakar kakata ta taso daga bakin wani tafki mai nisa,
wata uku tana tafiya a ƙasa,
aka buɗe bakinta aka duba haƙora,
aka taya, aka ce albarka, aka ƙara.
Sunanta na gida ya faɗi a hanya, ba wanda ya tsinta.
Wanda aka ba ta a bakin ruwan baftisma, Persis,
shi nake amsawa.

Bayan katanga Zanzibar na miƙa.
Lungu ya matse har mai keke sai ya jira mai kwando,
ƙofofi masu ƙusoshin tagulla suna buɗe ido ɗaya ɗaya,
Mwatima na juya wainar shinkafa da madarar kwakwa,
Jethabhai mai gyaran agogo
ya leƙo ya dubi hasumiyarmu, ya girgiza kai:
minti huɗu, in ji shi, tun bara.

Da ruwan bana ya yi yawa, bango ya tsage
daga ƙasan taga har dab da daɓe.
Aka kira Makame Pandu, magini.
Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ba wanda ya sa shi.
Ya shafa tsagar kamar mai duba ƙafar jaki,
ya ce kada a kawo masa siminti,
siminti na shaƙe dutse,
a ba shi farar ƙasa da yashi da haƙuri.
Haka ya yi wa masallacinsu.

Ranar ta uku muna shan gahawa a kan dakali,
baƙi suna haurowa daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
wata na share ido, wani na tambayar inda ake cin kifi.
Makame bai dube ni ba, ƙoƙon hannunsa yake kallo.
Ya ce, kakan kakana yana da jirgin ruwa.
Ya yi shiru.
Ya ce, ba hauren giwa kaɗai yake ɗaukowa ba.

Wata kyanwa ta gifta tsakaninmu.
Na nemi magana, na tarar duk na share ta.
Ban ce ba komai ba, don akwai komai.
Na ɗaga buta na ƙara masa,
hannuna ya zubar da kaɗan a kan dutse,
dutsen ya shanye.

Ya gama aikin ran Alhamis.
Tsaga ta rufe, amma ɗinkin ya fi bango haske,
ko daga kujerar baya kana ganinsa.
Ya ce shekara goma launin zai haɗu.
Na ce to, wanda ya gani ya ba ni labari.

Da magariba ƙararrawarmu ta makara da minti huɗu,
ta faɗa tsakiyar kiran salla,
hankaki suka watse daga rufi suna zagin kowa.

Yau da asuba na zo da fitila.
A kan sabon yaɓen Makame
gishiri ya fara fitowa.