Kilo Goma Sha Ɗaya

A Valparaiso gidaje rataye suke a jikin tudu
kamar shanya a igiya: shuɗi, ja, ruwan ƙwai.
Namu ne koren can sama, inda iskar teku ke gajiya.

Shekara bakwai ni da Nibaldo.
Shekara bakwai wata na kawo mini jan saƙonsa,
wani zubin ya yi nawa, ya bar ni ina ƙirge da yatsu,
ina ko dai? ko dai?
sannan ya iso, ko kunya babu.

Likita Sepulveda ba ta ɗaga murya.
Ta ɗora ni a sikeli kamar buhun fulawa,
ta rubuta lamba, ta kewaye ta da biro.
Ta ce, "Eliana, ƙwan yana nan, barci ya yi masa nauyi.
Kitse ma yana da baki a cikin jini,
yakan dagula kiran da ke tashinsa.
Sauke kilo goma sha ɗaya kafin mu fara allura;
magani zai fi kama ki,
in ciki ya zo, mu rage fargabar sukari da hawan jini."

Na so in ce kakata ta fi ni faɗi,
ta haifi tara, ta yi rawa a bikin bakwai.
Na haɗiye maganar.
Ita kaɗai na haɗiya ranar.

Ni fa burodi nake gasawa tun kafin jiragen ruwa su yi kuka.
Hannuna man shanu, gashina ƙamshin tanda.
Kura aka ba ajiyar nama,
aka ce kuma ta ɗauki azumi.

Na daina shiga akwatin ƙarfen da ke jan mutane sama.
Matakala ɗari da sittin da biyu ce zuwa ƙofarmu.
Ranar farko na zube a ta arba'in ina haki,
wani karen titi ya zauna kusa da ni, bai ce uffan ba.
Ya fi dangin mijina ladabi.

Sai aka kira Nibaldo.
Ya shiga yana fito, mutumin da ke ɗaga kaya a tashar ruwa,
wanda bai taɓa zaton laifin zai san sunansa ba.
Likita ta dubi takarda, ta dubi tumbinsa,
ta ce iri ma yana jin nauyi.
Ya fito kamar an yi masa sata a aljihu.
Da dare ban ce komai ba, shi ma haka,
sai washegari na ji numfashi a bayana,
a ta sittin,
yana zagin wanda ya gina gari a kan dutse.

A ɗakin jira akwai Ondina, 'yar rawa,
wuyan hannunta kamar kan cokali.
Shekara biyu wata bai leƙo ta ba.
Ita an ce ta ƙara.
Na ce da ana yanka, da na ba ki nawa kyauta har da gyara.
Muka yi dariyar da ta ƙare a gefen hanci.
Yanzu duk Alhamis ina kai mata burodi da zafinsa,
in zuba mata ido tana ci,
in ƙoshi da rabin ƙamshin.

Bakwai sun tafi. Huɗu sun ƙi.
Sati uku allurar sikeli ta kafe kamar jaki a bakin gada.
Likita ba ta yi mini alkawari ba;
cewa ta yi ƙofar za ta ƙara buɗuwa,
ba ta ce akwai mai jira a bayanta ba.

Kai da ban san fuskarka ba,
ko ke,
kada a gaya maka na tsani jikin nan.
Shi ya ɗauke ni shekara talatin da shida bai yi ƙorafi ba.
Ba rushe ɗakin nake ba,
kaya nake kwashewa in sami inda zan yi maka shimfiɗa.

Yau da yayyafi.
Ɗari da ashirin, ashirin da ɗaya.
Karen ya riga mu kaiwa, yana zaune a ƙofa.