Hanya Biyu a Bayan Takarda

Mahaifina mai gyaran agogo ne a bakin Bata,
shekara talatin da gilashi a ido ɗaya.
Yau shi ne a kwance, ana leƙa cikinsa.

Inda dajin ya kama ba shi da suna a bakinmu.
Mun san hanta, mun san saifa, mun san ƙoda,
duk mun ci su a tukubar mai tsire.
Wannan kuwa, fankiriyas, in ji Likita Asabe,
ɗan nama ne a ɓoye bayan tumbi,
ya jingina da hanji kamar gidajen Yakasai,
katanga ɗaya, ba a dukanta maƙwabci bai ji ba.

Ta juya takardar gwaji, ta zana hanya biyu.

Ta farko kamar yayyafi take.
Gashi kaɗan-kaɗan, Litinin zuwa Juma'a,
mako biyar da rabi, ga ƙwayoyi na rakiya.
Hasken yakan shafi maƙwabta,
amma da sauƙi, su huce kafin gobe.
Tsohuwar hanya ce, an san ramukanta.

Ta biyu sau biyar kacal.
Haske mai ƙarfi, siriri kamar tsinin allura,
a auna dajin ta kowace kusurwa.
Sai dai abin ba ya tsayawa cik:
ka ja numfashi ya sauka, ka saki ya hau.
Za ka riƙe numfashi, Malam Sammani,
in aka kauce kaɗan, hanji ne zai biya.

Ni kuwa ina lissafi a zuci:
daga Rijiyar Lemo, adaidaita biyu,
sau ashirin da takwas, ko sau biyar.
Na ji kunyar lissafin, amma ban daina ba.

Baba bai tambayi kuɗi ba.
Ya ce, Wacce ke warkarwa?
Ta ajiye biro. Fanka na ta juyi.
Ta ce, Ba zan yi alkawarin da ba nawa ba.
Duk biyun na iya daure shi wuri ɗaya,
su rage zafin da ke hana ka barci.
Sai mun sake hoto mun ga tazararsa da hanji.
In sun matsu, yayyafi ya fi aminci.

Ya gyaɗa kai irin na masu sana'a.
Shi ma, ya ce, akwai agogon da yake ɗiga wa mai,
ɗigo yau, ɗigo jibi,
akwai wanda sai ya ɗauke numfashi
ya ɗora siririn ƙarfe sau ɗaya, hannu bai yi rawa ba.
Ba ni ke zaɓa ba, cikin agogon ke faɗa.

Cunkoso ya riƙe mu a Ƙofar Ruwa.
Na ga ya rufe ido, ƙirjinsa ya tsaya.
Na cafki hannunsa: Baba!
Ya saki iska, ya dubi tsintsiyar hannu.
Daƙiƙa goma sha tara, ya ce.
Gobe zan kai ashirin da biyar.

Tun daga ranar, bayan sallar asuba,
shiru ke fitowa daga ɗakinsa,
sai ƙas-ƙas ɗin agogon bango.
Ina tsaye bayan labule ina ƙirgawa,
ni ma ban numfasa ba.