Kalma Uku

Ƙarfe bakwai, ofis ya watse,
sai ni da allo da shayin da ya huce.
Can ƙasa tashar Valparaíso tana haɗiyar kwantena,
gidaje sun ɗare tsauni, ja da shuɗi da ruwan ƙwai,
kamar shanyar da aka manta ba a kwashe ba.

Aikina in duba abin da abokan aiki suka rubuta
wa wakilin nan na cikin kwamfuta,
wanda bai taɓa shaƙar ƙarnin kifi ba.
Kayan aiki arba'in da ɗaya muka jera masa,
kowanne da ɗan bayaninsa a goshi.
Abin da muka rubuta, iyakar saninsa ke nan.
Baƙo makaho ne ko da ido,
balle wanda ya zo babu.

Na goma sha bakwai Bastián ya rubuta.
Kalma uku: "Yana sakin kaya."
Saki daga hannun kwastan?
Ko saki daga ɗakin sanyi zuwa fili?
Ranar Talata wakilin ya zaɓi na biyu.
Kwantena shida na ceri suka yini a rana,
da la'asar jan ruwa na ɗiga ta ƙasan ƙofa,
ƙudaje suka yi biki.

Manaja ya ce na'ura ta yi wauta.
Na ce biyayya ta yi.
Wanda aka aika da rabin saƙo
ba a tuhumarsa da rabin da aka haɗiye.

Ina da jadawali, ina ba da maki,
ɗaya zuwa biyar, gida-gida.
Amma ma'aunin gaskiya yana kan tudu.
Nakan shiga akwatin katakon da ke jan mutane sama,
in tarar da babana, Evaristo, a bakin taga,
fuskarsa ga tekun da yanar ido ta hana shi gani.
Shekara talatin da huɗu yana tuƙa injin ɗaga kaya.

"Ximena, ban taɓa ganin cikin jirgi ba," in ji shi.
"Hannun Lautaro nake bi daga sama.
Ya dunƙule, in tsaya. Ya juya yatsa, in sauke.
Ran da ya yi soshin kai a tsakiyar aiki
saura ƙiris a yi jana'iza."

Sai in karanta masa, ɗaya bayan ɗaya.
Ba ya yabo. Tambaya yake jefowa:
"Nauyin nan, kilo ne ko tan?"
"In na taɓa, ana iya mayarwa?"
"In jirgin bai iso ba, me zai ce da ni,
ko shiru zai yi in ɗauka an gama?"
A na tara da na goma ya ɗaga gira:
"Waɗannan tagwaye ne. Wa zan kira, kuma yaushe?"

Na sake rubuta na goma sha bakwai.
Kalma uku suka zama sittin.
Ya saurara har ƙarshe, ya tsuke baki.
"Kin cika surutu. Cire 'mai inganci', cire 'cikin sauƙi',
ba talla na zo saye ba.
Faɗa mini lokacin da bai kamata in taɓa shi ba,
sannan ki yi shiru."

Suka koma ashirin da biyu.
Ya gyaɗa kai sau ɗaya, kamar mai karɓar canji.

A na ashirin da uku barci ya sace shi,
hannunsa na dama a dunƙule bisa gwiwa.
Na tsaya.
Saura goma sha takwas,
jirgin Busan kuma gobe da asuba zai shigo.