Ƙwaya Uku

A kicin ɗin da ke bakin kogin Douro
ni ce mai miya.
Anselmo ne shugaba.

Ran Talata wata tsohuwa ta aiko
a gaishe da hannun da ya dafa miyar kifi.
Anselmo ya ji. Kunnensa ya yi ja.
Tun ranar ba tukunyar da ke fita
sai ya tsoma cokali, ya yamutsa fuska,
ya barbaɗa gishiri ƙwaya uku.
"Yanzu ta yi," in ji shi.

Da farko nakan hau matakalar Ribeira da dare
ina tauna maganar da ba zan faɗa ba.
Leonor mai wanke-wanke ta ce,
"Benedita, ƙosasshe ba ya gadin tukunya."

Sai na lura.
Duk sanda mai wurin ya leƙo
hannun Anselmo rawa yake,
wuƙa na tsallake albasa.
Shekara ashirin da shida a gaban murhu,
har yau yana jiran a ce ya tattara.

Yanzu da gangan nake rage gishiri,
ƙwaya uku cif.
In miƙa masa cokali kafin ya nema.
Ya zuba, ya ɗanɗana, kafaɗarsa ta sauka.

A aljihuna akwai ɗan littafi
da ya sha mai da tumatir,
kowace miya da sunana a kanta.
Jiya na duba wani shago a Matosinhos.
Hayar da tsada.
Tagar tana kallon teku.