Kantar da Ba Ta da Lamba

Tara saura kwata, janareto ya yi tari ya mutu.
Na laluba aljihun tebur na zaro tocila.
Shekara ashirin da shida ina rufe ƙofar nan,
ni Asabe, mai gadin littattafan da ban rubuta ba.

Ban san gidan kowa ba cikin malaman nan,
amma na san abin da ke hana kowannensu barci.

Dakta Sallau na sashen sinadarai
kan shigo da warin Jakara a takalmi,
kwalabe goma sha biyu na kaɗawa a jaka,
ruwa kore-kore, ruwa baƙi ƙirin.
Yana son sanin dalma nawa ke ɓoye
a ganyen latas ɗin da muke saye da yamma.
Da ya faɗa min, na bar cin latas kwana uku,
ran na huɗu na koma.

Malama Gwamma bashin Kantin Kwari take bi,
ba nata ba,
wanda ba a rubutawa:
dila ɗari a kan magana ɗaya,
"Je ka, in ka sayar ka kawo."
Ta ce duk ɗakin nan ba littafin da ya san wannan lissafi.
Na ce to ki rubuta, ga gurbi na share miki.
Gurbin yana nan, ina kaɗe shi duk Litinin.

Farfesa Mati kuwa ba a gama gaisawa da shi.
"Sake faɗa. Kin ɗaga murya ko kin sauke?"
Wai fari uku ne a bakinmu,
na launi, na rashin ruwa, na soma abu,
takarda ta haɗe su ta ce ɗaya ne.

Akwai wani yaro, Inuwa, sabon ɗauka a lissafi,
yana wuni a gadar Kabuga yana ƙirga adaidaita.
Ɗan karota ya taɓa kama shi.

Sai Dakta Zinatu ta tarihi,
safar hannu fara, numfashi a hankali,
tana kan wata wasiƙar ajami ta wani baduku
da tawadarta ta cinye takardar,
kowane harafi ya zama taga.
Wata biyar tana tambaya me ya sa,
tarihi bai ba ta amsa ba.

Ofishinta na tsohuwar jami'a, na Sallau na sabuwa,
motar ɗalibai ce kaɗai ke haɗa su,
ko sallama ba su taɓa yi ba.
Ran da ya zo mayar da littafi tana zaune,
sai na ɓatar da katinsa da gangan.
Na duba nan, na duba can, yana tsaki,
har idonsa ya faɗa kan tagogin nan.
Ya sunkuya, ya shinshina, ya ce,
"Bagaruwa ce da kashin maƙera.
Majema na jiƙa irinta har gobe."

Yanzu kullum suna nan suna musu,
ni ke cewa su rage murya.
Maƙalarsu ta fito bara da suna biyu.
Nawa bai shiga ba, ko a gindin shafi.
Ba komai. Allura ba ta kwana a jikin riga.

Ni ma ina da nawa binciken,
a littafi mai bango ja, ƙarƙashin rajista:
gara nake bi.
Wace kanta take fara hawa, wane manne take so,
wace takarda take tsallakewa.
Abin da na gano zuwa yanzu,
ta fi son kundin digiri na uku
da ba wanda ya buɗe tun ranar da aka kawo shi.
Ita kaɗai ke bin sa daga godiya har manazarta.

Ban san sashen da zan kai wannan ba.
Ba shi da lamba, ba shi da kanta.

Na tura shi ciki, na ja kwaɗo.
Maigadi yana haska min hanya,
in na yi sauri zan sami motar Ɗorayi.