Mai Tuƙa Jirgin Jami'a

Da asubar fari nake kwance igiya,
kafin masu abarba su cika bakin Mekong da hayaniya.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina tuƙa kwalekwalen jami'a,
ni Sau, ɗan masunta, wanda bai gama aji shida ba.

Dakta Khuu na gaba da kwalabenta.
Ta tsoma wani ƙarfe mai ido a ruwa,
ta duba, ta rubuta, ta yi tsaki.
Ni yatsa nake tsomawa in lasa.
In ce, "Ya fi na bara."
Ta ce, "Ya fi, Kawu Sau. Huɗu da ɗigo biyu."
Harshena da na'urarta ba su taɓa saɓawa ba.

Teku ce ke shigo mana gida ba sallama.
Shinkafar ƙanwata ta yi ja, ta sunkuya
kamar wadda aka yi wa saƙon mutuwa.

An ce a kan wannan jami'armu ta yi suna:
gishiri, shinkafa, da ƙasa mai nutsewa.
An ce a wani jeri na duniya
bana ta tsallake arba'in.
Shugaba ya sa aka rataya ƙyalle a ƙofa,
ja, da rubutu ruwan zinariya.
Na bi ta ƙarƙashinsa da jarkar mai a kafaɗa,
iska ta kaɗa shi, ya ture mini malafa.

Suna linzami ne, shi ya jawo mana baƙi.
Tjeerd daga Holan, dogo kamar gora,
ya ce su ma teku ta fi ƙasarsu tudu.
Ya zo da taswira mai rafi inda babu rafi,
muka kafe a laka har rana ta take.
Ya tuɓe takalmi, muka tura jirgi tare,
sannan ya gyara taswirar da fensir,
taɓo har gwiwar hannu, yana tambayata, "Nan? Ko nan?"

Chizuru kuma daga Japan ta zo da ambulan,
iri ɗari biyu, kowane da lambarsa,
tana ƙirga su kamar mai biyan bashi.
Ɗalibanmu biyu suka bi ta.
Ɗaya ya dawo. Ɗayar tana aiko da hotuna cikin ƙanƙara.

A gonar ƙanwata aka shuka su layi-layi.
Gishiri ya zo a watansa,
ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kashewa.
Mai lamba ɗari da sha bakwai ta ƙi.
Ta tsaya da ƙafarta cikin ruwan,
koriya, gajera, mai taurin kai.

Da takarda ta fito, sunaye tara ne a sama,
daga ƙasa uku, cikin yaren da ba na ji.
Dakta Khuu ta buɗe shafin ƙarshe,
ta ɗora farce kan wani ƙanƙanin rubutu:
"Ga ka nan."
Na duba. Girman ƙwayar shinkafa.

Daren nan mun dafa ta.
Ƙanwata ta tauna, ta tauna,
ta ce tana da tauri, tana shan ruwa da yawa,
ta miƙa kwano a ƙara mata.

Gobe ruwa zai hau da ƙarfe huɗu.
Ban sayo mai ba tukuna.